Ƙamshin ruwan farko: Halittun da ke haɗa magani a gonakin Kano

Duk wanda ruwan farko ya taɓa riska a Minjibir ko Dambatta ya san ƙamshin da ƙasa ke yi. Manomi na shaƙarsa ya san shuka ta ƙarato. Sai dai ba kowa ya san cewa wasu ƙwayoyin bakteriya da ake kira Streptomyces ne ke fitar da wannan ƙamshi ba.

Ido ba ya ganinsu, amma suna nan jibge a jikin saiwar gero da dawa da wake. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi: saiwa na ba su abinci, su kuma suna fitar da sinadaran da ke kashe wasu ƙwayoyin da ke ruɓar da ita.

Waɗannan sinadarai ne suka zama magani a asibiti. A 1943, Albert Schatz, ɗalibin Selman Waksman a Jami'ar Rutgers ta Amurka, ya samo streptomycin daga irin waɗannan ƙwayoyi, maganin farko da ya yi tasiri kan tarin fuka. Tetracycline, kafson nan mai ja da rawaya, shi ma asalinsa daga gare su ne. Har a ƙasan teku an gano danginsu masu haɗa magunguna.

Abincinsu ya haɗa da ruɓaɓɓen ganye da kara da kashin dabbobi. A nan manoman arewacin Kano suke da abin alfahari. Ƙasar rairayi ce, gonaki ƙanana, jama'a da yawa, ba a barin gona ta huta. Abin da ya riƙe ta shekara da shekaru shi ne takin gida da ake kaiwa gona da rani a kan jaki ko amalanke, da haɗa gero da wake a gona ɗaya. Buhun takin zamani kaɗai ba ya ba ƙasa wannan abinci.

Barazanar kuma na hannun mutane. Shan kafso ba tare da umarnin likita ba, da ɗura wa kaji da awaki shi barkatai, na sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa ya nuna cewa hakan ya yi ajalin mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma lamarin ya fi muni a Afirka ta Yamma.

Shi ya sa masana suka sake komawa ga ƙasa neman sababbin magunguna, irin ƙasar da manomin Bichi ke zuba wa taki kowace shekara.