Injin Da Ke Da Shaida Wuyar Sayarwa Gare Shi

A shekarar 2022 sojojin Rasha sun kwashe taraktoci da injinan girbi ƙirar John Deere daga wurin wani dillali a garin Melitopol na ƙasar Yukren. Aka kai wasu har Checheniya, tafiyar sama da kilomita 1,000. Da aka sauke injinan girbin sai suka ƙi tashi, domin an kulle su daga nesa, ga kuma na'urar GPS da ke jikinsu tana tona inda suke.

Yawancin injinan da ke gonaki da wuraren gine-gine ba su da wannan gata. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne makulli. Kamfanoni da dama sun daɗe suna ƙera katafila da tarakta masu makulli iri ɗaya don sauƙaƙa wa direbobi, sai ya zama wanda ya mallaki guda ɗaya zai iya tayar da ɗaruruwa.

Sai dai ɓarawo ba noma zai yi da tarakta ba, sayarwa zai yi, kuma ɓarawon zaune shi ke ƙarfafa na tsaye. Nan Birtaniya ta sa hannu. A 2007 aka ɓullo da tsarin CESAR: a manna wa inji lamba mai kusurwa uku, a ɓoye ƙananan na'urori a cikinsa, a shafa masa ɗige-ɗige masu ɗauke da lambar da sai da madubin ƙara girma ake karantawa, sannan a shigar da sunan mai shi a rajistar da 'yan sanda ke dubawa. Ko an kankare lambar waje, an sake fenti, shaidar tana nan.

A wajenmu kamfanin Hello Tractor, wanda aka kafa a 2014, yana liƙa wa taraktocin haya na'urar bin sawu. Amma manomin rani a Kadawa injin ban ruwa da batir da farantin sola ne damuwarsa, waɗanda babur ɗaya ke ɗaukewa cikin dare. Shi ma yana da abin yi. Ya rubuta lambar injin, ya ɗauki hotonta a waya, ya adana rasit, ya sa mai walda ya zana sunansa a wurin da ido ba ya saurin kaiwa. In an tashi daga fadama, injin ya kwana a gida. Wanda kuma aka kawo wa inji da araha, lamba a goge, babu rasit, ya nemi mai sayarwa ya raka shi wurin shugaban kasuwa kafin ya ƙirga kuɗi.