Burtalin Shahuna a Kan Tsaunin Kittatinny

Duk wanda ya tashi a karkara ya san burtali. Hanya ce da aka bar wa shanu tsakanin gonaki, kuma amfaninta yana ga ɗorewarta. Manomi guda ya shigo da garma ya cinye taku ashirin, sai garke ya tsaya cirko-cirko, tafiyar kwana da kwanaki ta lalace. Tsuntsaye masu farauta ma suna da nasu burtalin. A jihar Pennsylvania ta Amurka, wani dogon doron tsauni ne mai suna Kittatinny, wanda ya miƙe kimanin mil 185 a cikin jihar.

Da kaka ta kama, shahuna da mikiyoyi sukan bar arewa, wasu ba sa yada zango sai Kudancin Amurka. Kaɗa fiffike tsawon wannan tafiya zai ƙarar da su. Sai su bi doron: iska ta bugi ƙirjin tsaunin ta haura sama, su kuwa su baza fikafikai ta ɗauke su, suna shawagi ba wahala.

Wannan sauƙi shi ya zame musu tarko. Maharba sun gane wurin da tsuntsayen ke ratsawa ƙasa-ƙasa, suka riƙa hawa duwatsu suna zubar da su, a zatonsu ɓarayin kaji suke kashewa. A 1929 hukumar farautar jihar har ladan dala 5 ta sa a kan wani nau'in shaho. A 1934 wata mata, Rosalie Edge, ta karɓi hayar eka 1,400 a kan doron, a wurin da ake kira Hawk Mountain, ta ɗauki Maurice Broun ya tsare shi. Shi kuwa bai tsaya ga korar maharba ba, ya soma ƙirga duk tsuntsu mai farauta da ya wuce. Wannan lissafi ne Rachel Carson ta kafa hujja da shi a littafinta Silent Spring na 1962, ta nuna raguwar 'ya'yan mikiya da ake dangantawa da magungunan ƙwari irin su DDT. Amurka ta hana DDT a 1972.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗauka an gama aiki tunda an kare dutsen Hawk Mountain da masu kallon tsuntsaye ke zama. Tsuntsun da ya wuni a sama dole ya sauka da maraice ya sami bishiyar kwana, da safe ya sami ɓera ko maciji. Gidaje, tituna da layukan bututu suna gutsure dajin gangaren kaɗan-kaɗan, kowa yana ganin nasa taku ashirin ne kawai. Shi ya sa na fi jinjina wa masu bin masu filaye ɗaya bayan ɗaya, suna ƙulla yarjejeniya da su: filin naka ne, ka sayar ko ka bar wa 'ya'yanka, amma ba za a yi gini a kansa ba, ko a hannun wa ya faɗa.