Masu Jinyar Zuciya Da Magana: Daga Abu Zaidil Balkhi Zuwa Asibitocin Yau

Akwai wani irin ciwo wanda ɗan kasuwa ba ya iya faɗa wa maƙwabcin rumfarsa, ma'aikacin gwamnati kuma ba ya iya rubuta shi a takardar neman hutu. Mutum ne za ka gan shi ya fito da riga wankakkiya, ya gaisa da jama'a, ya zauna a ofis ko a shago har la'asar, alhali kuwa wata uku ke nan rabonsa da barci mai nauyi, abinci ba ya yi masa daɗi, da zarar ya kaɗaita kuma sai tunani ya rufe shi. Wani kuwa alwala ce ta zame masa jidali: ya wanke gaɓa ya sake, ya yi kabbara ya warware, har liman ya sallame bai gamsu da niyyarsa ba. In irin waɗannan suka yi ƙarfin hali suka buɗe baki, amsar da suka fi samu ita ce su yi haƙuri su rage tunani, ko kuwa a yi musu kallon masu raunin imani. Saboda haka sai su ja bakinsu su yi shiru, don gudun kada a ce sun taɓu.

To, akwai mutanen da aka horar musamman domin irin waɗannan larurori, kuma ya kamata mai karatu ya rarrabe su tun da wuri, gama jama'a kan cakuɗa su. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne da ya gama karatun likitanci sa'an nan ya ƙware a cututtukan hankali, shi ne ke rubuta ƙwayoyi ya kuma kwantar da majinyaci. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti da mai ba da shawara kuwa, kayan aikinsu sauraro ne da tambaya da magana. Sukan keɓe da mutum kamar awa guda a kowane mako, abin da aka faɗa a wurin kuma amana ne, ba a fitar da shi sai in an ga rai yana cikin haɗari. Yawancin masu zuwa wurinsu mutane ne masu cikakken hankali: wanda aka yi wa rasuwa, wanda jarinsa ya karye, ma'auratan da zama ya yi musu tsami, wanda ya tsira daga haɗarin mota ko daga hannun 'yan bindiga amma abin ya ƙi barin mafarkinsa, da wanda ke son rabuwa da shaye-shaye.

Da yawa daga cikinmu suna ɗaukar wannan sana'a a kan baƙon abu ne da Turawa suka ƙago. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Abu Zaid Ahmad ɗan Sahlu al-Balkhi, wanda aka haifa wajen shekarar 850 kusa da Balkh, cikin ƙasar Afganistan ta yau, ya kuma rasu a 934, almajirin al-Kindi ne a ƙasar Iraƙi, kuma an fi saninsa da ilmin taswirar ƙasa. Amma ya bar littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfusi, watau abin da ke gyara jikuna da rayuka. A cikinsa ya yi ƙorafi cewa likitocin zamaninsa sun tattara himmarsu a kan jiki sun bar rai, ga shi kuwa mutum yana iya shekaru jikinsa bai yi ciwo ba, amma da wuya ya daɗe bai ji fushi ko tsoro ko ɓacin rai ba. Ya kasa larurorin gida huɗu: fushi, da tsoro da firgita, da baƙin ciki, da waswasi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a littafin shi ne yadda ya raba baƙin ciki biyu. Akwai wanda aka san dalilinsa, kamar rasuwar masoyi ko hasarar dukiya. Akwai kuma wanda yake sauko wa mutum haka kawai, ya kashe masa jiki da sha'awar kome, ba tare da wani abu ya faru ba, wanda ya ce tushensa a jiki yake, don haka sai an haɗa da maganin jiki. Na farkon kuwa ya ce ana jinyarsa ta hanya biyu, daga waje da daga ciki. Daga waje, a sami mai hikima ya zauna da mutum ya yi masa magana, domin ɗan Adam ya fi karɓar shawara daga bakin wani bisa ga daga kansa, kuma wanda damuwa ta danne ba ya gani sosai, kamar yadda likita in ya kwanta ciwo yake bukatar wani likitan. Daga ciki kuma, mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane tun yana cikin kwanciyar hankali, yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Game da tsoro, ya kawo misalin hazo, wanda in ka hango shi daga nesa sai ka zaci abu ne mai kauri da ba ya ketuwa, in ka shiga cikinsa ka tarar iska ce. Littafin nan ya yi ɗaruruwan shekaru a rubuce da hannu, an adana shi a ɗakin littattafai na Ayasofiya a Istanbul, har Fuat Sezgin ya buga hotonsa a Jamus a 1984.

Me ya sa, in haka ne, malamai da yawa suka yi ta ɗari-ɗari da masu wannan aiki? Suna da hujjarsu. Wanda sunansa ya mamaye fannin a farkon ƙarni na 20 shi ne Sigmund Freud na birnin Viyana, wanda ya mutu a 1939. Hanyarsa ita ce majinyaci ya kishingiɗa ya riƙa faɗin duk abin da ya zo masa a rai, har da mafarkai, ana tono ƙuruciyarsa, wani lokaci shekara da shekaru. Shi kansa bai yarda da addini ba, har ya rubuta littafi a 1927 yana kiransa ruɗin zuciya. Wanda ya tsaya ya ƙalubalanci masu bin wannan ra'ayi ido rufe a cikin Musulmi shi ne Farfesa Malik Badri, mutumin Rufa'a a ƙasar Sudan, wanda aka haifa a 1932 ya rasu a 2021. A wata maƙala ta 1976 ya kwatanta su da masu bin wasu har cikin ramin damo, a 1979 kuma ya fitar da littafi a kan tsaka-mai-wuyar da masanan halayya Musulmi suke ciki. Amma fa bai ce a watsar da ilmin ba. Shi kansa masani ne mai duba majinyata, shi ne kuma ya fassara sashen rai na littafin Balkhi zuwa Ingilishi a 2013. Ya ba da labarin wata budurwa a Maroko da ta daɗe cikin fargaba da baƙin ciki, dabarun da ya koyo duk suka kasa, sai ran da ya karanta wata aya a kan gafara a zaman majinyata ta fashe da kuka. Ashe nauyin zunubi ne ke cinta, ta kuwa sami sauƙi bayan an taɓo wurin.

Ko a can Turai da Amurka ma hanyar Freud ba ita ce a gaba ba yanzu. Carl Rogers ya koyar da cewa sauraro na gaskiya, ba tsangwama ba yanke hukunci, shi kansa babban sashe ne na magani. Amma hanyar da ta fi yaɗuwa a asibitoci ita ce wadda Aaron Beck ya tsara a birnin Filadelfiya cikin shekarun 1960, wadda za mu iya kira gyaran tunani da ɗabi'a. Ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu da sauri, suna gaskata su ba tare da bincike ba. Alal misali, a ce ɗan kasuwa ne kayansa suka ƙone, kullum zuciyarsa tana ce masa ya gama yawo, kowa dariya yake yi masa. Mai jinya ba zai ce masa ya daina tunani ba. Zai sa shi ya rubuta tunanin da lokacin da ya zo, sa'an nan su bi shi ɗaya bayan ɗaya kamar masu duba littafin bashi: wa ya yi dariyar, yaushe, su wa suka zo jaje, nawa ya rage a hannu, wa zai iya ba da kaya a kan amana? Sai a ba shi aikin gida, ko da fita kasuwa ne na awa guda ya gaisa da mutum uku. Irin wannan jinya takan ɗauki zama 12 zuwa 20. Duk wanda ya karanta Balkhi zai ga kamannin a fili.

A kan waswasi ne ya kamata mu ɗan daɗe, domin shi ne ya fi wahalar da masu ibada, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mai wannan larura yana sake alwala ne don ya kashe wata fargaba da ke tashi a ƙirjinsa. In ya sake, sai ya ji sanyi na ɗan lokaci, wannan sanyin kuwa shi ne ke ciyar da ciwon, gama gobe shakkar za ta dawo da ƙarfi fiye da na yau. A 1966 wani masani mai suna Victor Meyer, a asibitin Middlesex na Landan, ya nuna cewa in aka sa majinyaci ya fuskanci abin da ke tayar masa da hankali, aka kuma hana shi maimaita aikin da ya saba, fargabar takan hau ta kai ƙololuwa, sa'an nan ta sauka da kanta. A yau mai jinya zai ce wa irin wannan mutum ya yi alwala sau ɗaya, ya tashi ya bar wurin ruwan, ya zauna da shakkarsa har ta lafa, a yi ta haka kullum daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Makonnin farko akwai wahala ƙwarai, ba kuwa kowa ke jurewa ba sai da mai tsaya masa. Wanda ya yi karatun Ahalari da Risala a zaure zai tuna cewa malaman Malikiyya sun ware wa wanda shakka ta aure shi hukunci na dabam a salla: ya yi watsi da shakkar, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kai, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Malamin fiƙihu da mai jinya, ashe, abu guda suke nema daga gare shi. Abin da mai jinya ya ƙara shi ne tsari na mako-mako da zai sa mutum ya iya aikata abin da ya daɗe da sani.

Sai dai magana tana da iyakarta, mai jinya na ƙwarai kuma shi ne farkon mai faɗin haka. Wanda yake jin muryoyin da ba kowa, ko ya kwana da kwanaki bai runtsa ba yana ta rabon dukiyarsa, ko ya fara zancen kashe kansa, wannan na likitan ƙwaƙwalwa ne, kuma ba a jira sai gobe. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kare haƙƙin majinyaci. Doka dai an samu, amma ƙwararru sun yi kaɗan, kuma akasarinsu a manyan birane suke.

Wanda ya yi niyyar zuwa, haƙƙinsa ne ya yi tambaya tun a zaman farko, kamar yadda ba ya sayen haja bai kwance ɗauri ba: ina aka yi karatu, wace hanya ake bi, zama nawa ake tsammani, nawa ne kuɗin? Mace tana iya neman mace 'yar'uwarta in an samu. Wanda kuma ya fara raina maka salla, ko ya gaggauta ce maka ka yanke hulɗa da iyaye tun bai san yadda gidanku yake ba, ko ya yi alkawarin warkewa a zama guda, ba dole ne ka koma wurinsa ba. A manyan asibitocin koyarwa, likitan da ke duba marasa lafiya na yau da kullum yana iya rubuta maka takardar turawa zuwa sashen, ba sai kowa a layi ya san abin da ya kawo ka ba.