2.4 Dangantakar Baƙin Mai da Matatar Hayaƙi a Motocin Dizal

A wannan sashe za a yi bayanin matatar hayaƙi, wato DPF, da dalilin da ya sa zaɓen baƙin mai ya shafe ta. Matatar tana cikin bututun salansa, aikinta shi ne tare kunkunniyar da injin dizal ke fitarwa. Kamfanin Peugeot ya sanya ta a motarsa ƙirar 607 a shekarar 2000. Daga 2009 kuwa, dokar Euro 5 ta sa ta zama dole ga sababbin ƙananan motocin dizal a Turai. Irin waɗannan motoci ne ke shigowa Nijeriya a matsayin 'yan Kwatano.

Idan kunkunniya ta taru, sai a ƙone ta. Hakan na faruwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce a doguwar tafiya, kamar daga Gusau zuwa Tsafe ko Bungudu, inda zafin salansa ke cinye ta sannu a hankali. Ta biyu kuwa, kwamfutar mota ce ke ƙara feshin dizal har zafin ya kai kimanin digiri 600. Motar da ke gajerun zirga-zirga cikin gari, ko tafiyar hawainiya a hanyar karkara irin ta wajejen Magami, ba ta cika samun wannan dama ba. Bugu da ƙari, idan ana yawan kashe injin kafin ƙonawar ta kammala, dizal kan gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi.

Abin lura a nan shi ne, wuta na cin kunkunniya amma ba ta cin toka. Tokar kuwa mafi yawanta daga sinadaran baƙin mai take fitowa. Saboda haka ne aka ware mai mai ƙarancin toka, kamar ACEA C3 wanda tokarsa ba ta wuce kashi 0.8 cikin ɗari, da API CK-4 na 2016 wanda iyakarsa kashi 1 ce. Lambobi irin su 5W-30 kaurin mai kawai suke nunawa. Wanda ya yi juye da man tsofaffin manyan motoci, matatarsa za ta toshe tun lokacinta bai yi ba, ƙarfin mota ya ragu, shan mai ya ƙaru.

Haka kuma farar wutar da ke cikin dizal tana dakushe aikin matatar. Turai ta tsayar da ita a kashi 10 cikin miliyan tun 2009, ƙungiyar ECOWAS kuma ta amince da kashi 50 a 2020.

A taƙaice, wajibi ne makanike ya duba littafin mota kafin ya yi juye, domin galan ɗin man da ya dace bai kai kuɗin sabuwar matata ba.