Shingen lalle a garka: shibka ɗaya, amfanin shekaru

Ƴan'uwa manoma na gaɓar Komadugu, daga Shatimari da Difa har Geskeru da Boso,

Kun san halin tattasai. Kowace shekara sai an sake iri, an sayi taki, an zuba wa injin ban ruwa esansi. In kogi ya yi ambaliya, kamar yadda ya yi a 2019 da 2022, wahalar shekara guda ta bi ruwa. Don haka ya kyautu kowace garka ta samu wani icce mai daɗewa, wanda ba a sake shibka shi kullum. Yau za mu yi magana kan lalle, wanda Barebari ke ce wa nalle, Faransawa kuma henné.

Me ya sa lalle?

Lalle yana son zafi da rana, yana jure ƙishi. Zafin bazara da ke ƙona sauran ganyaye shi ne ke ƙara wa ganyensa ja. In an kula da shi, gindi ɗaya yana ba da ganye shekara 15 ko fiye. In an jera shi gefen garka, yana tare iskar hunturu da rairayin da take kwasowa. Tsofaffin rassansa suna yin ƙaya, su rage ɓarnar dabbobi. Furensa yana da ƙanshi. Kasuwarsa kuwa ba ta mutuwa, tun da ba a biki ko salla ba tare da ƙunshi ba. A ƙasar Indiya, garin Sojat ya yi suna a duniya da noman lalle, alhali wurin ma ruwan sama kaɗan ne.

Zaɓen wuri

Ku duba inda ruwa ya tsaya a ambaliyar da ta wuce, ku shibka sama da nan. Ƙaramin lalle ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa kwanaki da yawa. Kada ku sa shi cikin inuwar babban icce. Ku fara da gefen gabas da arewa, inda hunturu ke shigowa. Ku bar taki biyu tsakanin shinge da komin tattasai na farko, don kada saiwa da inuwa su cuci tattasai.

Hanya ta ɗaya: iri

Ƴaƴan lalle ƙanana ne, suna da ɓawo mai tauri. In an watsa su haka nan, kaɗan ke tsira. Ku jiƙa su kwana 3 zuwa 7, kuna sauya ruwa kowace safiya. Sai ku gauraya su da rairayi, ku watsa cikin komin da aka yi wa ruɓaɓɓen taki. Kada ku binne su da zurfi. Ku yi ban ruwa a hankali safe da yamma. In kun yi reno a watan Maris ko Afrilu, bayan wata 3 ko 4 tsiron ya kai santimetir 20 zuwa 30, wato taƙi guda da ɗan ƙari. Lokacin damana ta sauka, sai dashe.

Hanya ta biyu: reshe

Wannan ta fi sauri. Ku nemi iccen da mata suka shaida ganyensa yana kamu sosai, domin reshe yana gado halin uwarsa. Ku yanko reshen da ya ƙosa, mai kaurin alƙalami, tsawon taƙi guda. Ku cire ganyen ƙasa, ku kafa rabinsa cikin ƙasa mai laima. Kada ku juya shi kai ƙasa.

Dashe da reno

Ku yi dashe da yamma, bayan an yi ruwa. Tsakanin gindi da gindi ku bar kamu guda, kamar santimetir 45. Shekarar farko ita ce ta wahala. Ku kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ku cire ciyawa. Da rani ku ba shi ruwa sau ɗaya ko biyu a mako. Ruwan da ya rage a bakin hanyar ban ruwan tattasai ya ishe shi. Ku riƙa duba gindi saboda gara, kada ku zuba ɗanyen taki ko busasshen kara kusa da shi. Lokacin ɗari girmansa yana tsayawa. Ba ciwo ba ne, da zafi ya dawo zai toho.

Yanka da shanya

Kada ku yi gaggawa, ku bari ya cika shekara. Mai son ganye da yawa ya yanke rassan da lauje mai kaifi, ya bar taƙi guda sama da ƙasa. Mai son shinge ya aske sama da gefe kawai. Da ban ruwa ana yanka sau 2 ko 3 a shekara. Bayan kowane yanka ku zuba taki, ku ba da ruwa.

Ku shanya a inuwa, bisa tabarma, inda iska ke ratsawa. Rana tana dusashe launin ganye, mai saye kuwa kore yake nema. In ya bushe, ku kakkaɓe, ku sa a buhu, ku ɗora bisa katako nesa da laima. Ku ajiye har salla ta gabato, lokacin da ake nemansa.

Gargaɗi biyu ga iyali

Kada a shafa wa jinjiri lalle: akwai yaran da jininsu ba ya ɗaukarsa, yana sa su shawara mai tsanani. Kuma kada ku gauraya lallenku da baƙin rinin gashi don ya yi duhu. Yana ƙona fata, yana ɓata sunan mai kaya.

Wanda ya kafa gindi 20 bana, baɗi yana da irin da zai ba maƙwabcinsa. In kuna da tambaya, ku nemi malamin gona na yankinku. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.