Kwana ɗaya a ribaɗin Wurno

Ribaɗi gari ne da ake kafawa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da malamai da manoma, su tsare ƙasa su kuma ciyar da kansu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya kafa irinsu da dama, amma Wurno ya zaɓa ya zauna, don ya sa ido a kan Gobirawa da Azbinawa. Can ya rasu, can kabarinsa yake.

A hutun nan Baba ya kwashe mu a mota daga Sakkwato muka je. Sai da muka tsaya a kan tudun garin muka gane dabarar: fadamar Gulbin Rima shimfiɗe take a ƙasa, rundunar da ta taso kuwa ƙurarta ce za ta tona mata asiri tun daga nesa. Littafin Tarihi bai nuna mana wannan ba.

Mun so kafa tanti a bakin gulbi. Baba ya ce ina, ba a wannan zamani na 'yan bindiga ba. Dole muka kafa shi a tsakar gidan abokinsa, inda sauron fadama ya yi mana kwanton ɓauna har asuba.