Ciwon Mantuwa da Ƙuncin Rai: Horon Natsuwa ga Majinyaci da Mai Jinya

A gidaje da yawa, idan tsoho ya fara manta sunayen jikokinsa, ko ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, sai a ce rikicin tsufa ne, sai haƙuri. Wani gidan ma a zargi asiri, wata tsohuwar kuma a jefe ta da maita. Alhali ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyanawa a 1906.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ciwon kan shigo gida tare da ciwon damuwa, kuma mutum biyu yake kamawa. Na farko shi ne majinyacin, musamman a farkon ciwon, lokacin da yake da sauran sanin cewa abubuwa suna kuɓuce masa. Sai ya daina fita majalisa, ya rage magana, barci da cin abinci su lalace, hawaye su zo ba dalili. Na biyu shi ne mai jinya, wanda galibi mace ce: mata, ko 'ya, ko suruka. Hukumar ta ƙiyasta cewa mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake kashewa a wannan jinya. Ita ce ke amsa tambaya ɗaya sau ashirin, ita ce ba ta barci don tsoron kada Baba ya buɗe ƙofa cikin dare. Idan ta ɗaga masa murya, sai ta kwana tana tuhumar kanta da saɓa wa mahaifi. Ba ta da wanda za ta gaya wa ta gaji, domin kunya ce a ji haka daga bakin 'ya.

Ƙwaya kaɗai ba ta cika warware wannan ba. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila, wanda mujallar Lancet ta buga a 2011, ya nuna cewa magungunan damuwa biyu da aka saba bai wa masu ciwon mantuwa ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta amfani ba, ga kuma illoli. Wannan na cikin dalilan da suka sa likitoci suka ƙara karkata ga hanyoyin da ba na haɗiya ba, ciki har da horon natsuwa.

Jon Kabat-Zinn ne ya tsara horon a 1979 a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, don masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya ɗauko dabarun daga tunani irin na mabiya Buda, ya cire musu rigar ibada, ya mai da su darasin mako takwas. Daga baya Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale suka haɗa shi da dabarun gyaran tunani don masu ciwon damuwa mai tafiya ya dawo. Gwajinsu na shekarar 2000 ya nuna cewa ya rage dawowar ciwon da kusan rabi ga waɗanda ya taɓa kamawa sau uku ko fiye.

Yadda yake aiki ba ɓoyayye ba ne. Mai damuwa zuciyarsa ba ta zama inda jikinsa yake: ko tana baya tana cewa da na sani, ko tana gaba tana tambayar yaya za a ƙare. Tunani ɗaya ya yi ta juyawa kamar jakin da aka ɗaure a turke. Horon yana koya wa mutum ya gane tunanin da zarar ya taso, ya san cewa tunani ne kawai, ba hukunci ba, sa'annan ya mai da hankalinsa kan abin da ke gabansa. Mai jinyar da ta iya wannan, idan "na kasa" ya faɗo mata a rai, za ta ce ga tunanin nan ya sake zuwa, maimakon ta gaskata shi.

Akwai atisaye na minti uku da mai jinya za ta iya gwadawa. A minti na farko, ki zauna ki tambayi kanki me kike ji a jiki da zuciya, ba tare da kin zargi kanki ba. A na biyu, ki bi numfashinki yana shiga yana fita. Hankali zai gudu, ki dawo da shi a hankali. A na uku, ki faɗaɗa lura zuwa jiki duka, kafaɗu, wuya, tafin ƙafa. Dawo da hankalin nan shi ne horon kansa, don haka gudunsa ba gazawa ba ce. Musulmi ya san irin wannan kokawa wajen neman halartar zuciya a salla da zikiri, kuma horon ba ya maye gurbinsu.

Ga majinyaci kuwa, ana gajarta zaman, a maimaita abu ɗaya kullum a lokaci ɗaya, a jingina shi da abin da ake taɓawa ko sansanawa: ɗumin ruwa a hannu, ƙamshin turare, ɗanɗanon dabino ana taunawa a hankali. Ba a yi masa jarabawar "ka tuna ni?", domin kunyata shi take yi. Wannan ya fi dacewa da wanda ciwonsa bai yi nisa ba, kuma in ya nuna ba ya so, a bar shi.

A san iyakarsa. Horon natsuwa ba ya dawo da abin da aka manta, ba ya tsai da ciwon. Binciken da aka yi kan masu jinya ya nuna sauƙin damuwa, amma waɗanda aka yi kan majinyatan kansu ƙanana ne har yanzu. Kuma akwai alamun da ba a jira da su: maganar gara mutuwa, ƙin abinci, ko ruɗewar da ta zo farat ɗaya, wadda zazzaɓi ko ciwon mafitsara kan jawo. Wani tsohon ma damuwa ce ko ƙarancin sinadarin B12 ke sa shi mantuwa, kuma ana magance su. A kai shi ga likita, ko a babban asibiti mafi kusa, ko a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau.

Sauran aikin na dangi ne. Wadda ba ta samun minti goma na kanta ba za ta iya wani horo ba. Masu aiko kuɗi daga nesa su tsara kwanakin karɓarta, kuma in an zo gaida Baba, a zauna da ita a tambaye ta yadda take barci da abin da take buƙata.